Ranar da Ƙanena Ya Kasa Kwantar da Baba

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da ranar da muka binne mahaifinmu a ƙauyenmu na wajen Garagumsa ba. Rashin uba kowa na yi. Abin da na faɗa wa ƙanena a bakin kabari shi ke cin raina har yau.

Ƙanen nan nawa mahaƙin rijiya ne. Ba shi da tsoron rami ko kaɗan, a ɗaura masa igiya a ƙugu ya sauka yana waƙa. Wata bakwai kafin rasuwar Baba, rijiyar da suke haƙa ta rufta da shi da abokin aikinsa. Shi ƙasa ta tsaya masa a ƙirji, abokin kuwa ta rufe shi ruf. Tun hantsi ake tono, sai la'asar aka ciro shi. Ni tela ne a Kara-Kara, cikin Zinder. Na je na duba shi, babu karaya, sai 'yar ƙujewa. Na ce ya gode wa Allah, na hau mota na koma bakin kekena. A wajena magana ta ƙare.

Ranar jana'izar, da muka isa maƙabarta, Baffa ya ce, "Ina mahaƙin? Shi zai karɓi ubansa." Dama shi ke kwantar da mamatan garin. Na ga ya yi jim, amma ya shiga. Ramin fa bai kai masa cinya ba. Wani ya taka gefe, yashi ya zubo masa a ƙafa. Shi ke nan. Ya ƙame, idanu waje, numfashi sama-sama, sai ihu: "Ku ja igiya! Ku ja igiya!" Ya yi tsalle ya fito, ya bangaji makara har ta kusa kifewa, ya yanki gonaki a guje.

Ni kuma Allah ya yi ni da saurin baki. Na ɗaga murya gaban kowa na ce, "Kai, ragon banza! Uban da ya haife ka kake gudu? Tir da kai!" Na tattare riga na shiga na kwantar da Baba da kaina.

Kafin sadakar uku gari ya ɗauka. Wasu suka ce aljanun rijiya ne, wasu suka ce Baba ya tafi da fushinsa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, duk shiru. Ya daina zuwa masallaci don kunyar idon mutane, ni kuwa ko gaisuwarsa ban amsa ba har arba'in. Ranar nan matarsa ta durƙusa gabana tana kuka. "Yaya, ba rago ba ne. Tun da aka ciro shi bai yarda a rufe ƙofar ɗaki ba. Ƙasa ta ɗan zubo daga bango, sai ya zabura yana zufa. Yanzu kuma cewa yake da ma shi aka bari a ciki." Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kashe min jiki.

Na taho da shi Zinder. Maƙwabciyata majo ce, wato ma'aikaciyar jinya, a asibiti, Kirista ce, mace mai faɗin gaskiya komai ɗacinta. Da na kai shi wajenta, ta ce, "Malam tela, ba mu wuri tukuna." Sun daɗe suna magana kafin ta kira ni.

"Ba hauka ba ne, ba kuma tsoro ba," in ji ta. "Wanda ya ga mutuwa ƙuru-ƙuru, wani lokaci abin ba ya wuce masa. Ƙanshin ɗanyar ƙasa ko zubar yashi sai su mayar da shi can, kamar yanzu ake yi. Ciwo ne, kuma ana warkewa. Amma in tambaye ka, tun da ya fito, wa ya zauna ya ji abin da ya same shi a ƙasan?"

Na sunkuyar da kai. Babu kowa. Da ya buɗe baki sai mu ce ya yi haƙuri, ya wuce.

Ta haɗa mu da likitan da ke kula da irin wannan ciwo, muna zuwa duk mako. Aka koya masa jan numfashi a hankali idan abin ya taso, da faɗin abin da idonsa ke gani a gabansa. Aka ce ya fara da ramin shuka, sannu a hankali yana ƙara zurfi. Ni kuma aikin da aka ba ni shi ne in rufe bakina in saurara. Wallahi ya fi ɗinkin babbar riga wuya.

Wata rana da hantsi yana zaune a shago, ina taka keke, ya ce, "Yaya, abokin aikina bai mutu nan take ba fa. Ya riƙe min idon sawu a ƙarƙashin ƙasa. Ina motsa ƙafa don ya san ina nan, yana matsawa. Wajen azahar ya saki." Na tsayar da keken. Muka yi ta kuka mu biyu.

Ya samu sauƙi sosai. Yana noma, yana shiga sahu a masallaci, rijiya dai ya bar ta har abada. Ranar da na nemi gafararsa ya ce ya yafe tuntuni. Can ya ce, "Yaya, ka dai juya fuskar Baba gabas sosai ko? Kullum abin na raina." Na ce na juya.

Abin da na koya shi ne, don mutum ya fito ba jini ba ya nufin ya fito lafiya. Yau in na ga wanda ya tsira daga masifa, ba na gaggawar rufe masa baki da haƙuri. Zama nake in ji. Da na san haka a lokacin, da hannu na miƙa wa ƙanena a bakin kabarin nan.