Ciwon Da Na Ɓoye Ya Cinye Mini Haihuwa

A lokacin ina ɗalibar kwaleji, ƴar shekara sha bakwai, an kawo ni Tawa daga Affala na zauna gidan gwaggona don karatu. Ni ce ɗiyar fari, kuma kun san yadda ake a wajenmu: Inna ba ta kama sunana, ba ta zama hira da ni, balle ta gaya mini abin da ya shafi jikin mace. Ran da na fara ganin al'ada ma, ƙyalle ta aiko mini ta hannun ƙanwata, shi ke nan.

Wata ungozoma takan zo makaranta ta tara ƴanmata ta yi musu bayani. Gwaggo da ta ji sai ta ce wallahi ba da ɗiyar ƙanenta ba, wai can ake koya wa yara iskanci. To, ban je ba. Iskancin kuwa a ƙofar gidanta ya same ni, wurin wani mai kabu-kabu da ke kai ni makaranta kullum. Ya ce aurena zai yi, ya ce shi lafiyayye ne, in dubi jikinsa. Ni kuma sakarya na duba, na yarda.

Ba a jima ba mara ta fara ciwo, ga ƙaiƙayi, ga ruwa mai wari. Wa zan gaya wa? Likita kuwa ina tsoron a gan ni a layi, labari ya riga ni isa Affala. Wata ƙawata ta ce sanyi ne kawai, kowace mace na yi, ta sayo mini kafso wurin mai tallan magani. In ya lafa in bari, in ya taso in ƙara. Shi ko gogan tuni ya tafi Abijan, ko sallama babu.

Yau shekarata tara da aure, ko ɓari ban taɓa yi ba. Da mijina ya kai ni aka yi hoto, likitar ta ce tsohon ciwo ne ya toshe hanyoyin mahaifa, kuma da na zo tun farko, maganin ƴan kwanaki ya isa. Ƴan kwanaki! Har yanzu in na tuna sai in ji ɗaci a bakina. Ina jin haushin kaina, ina jin haushin gwaggo, kuma Allah ya yafe mini, ina jin haushin Inna.

Abin da na gane, kunyar da aka yi mini ba ta tsare ni daga komai ba. Iyaye mata, ku yi magana da ɗiyanku. In bakinku ya yi nauyi, ku bar su su je wurin mai faɗa. Ƴanmata, kada ku auna lafiyar namiji da ido, kuma in kun ga abin da ba ku gane ba, ku nufi likita ko duk gari na kallo. Inna ta tsufa, amma har yau tana bin malamai tana aiko mini rubutun haihuwa a gora. Nakan karɓa in shanye, in ce a gaya mata na gode.