Zaren Kaset a Kan Akurki

Maiɗakina ta rasu ta bar mini kaza a kan ƙwai. Wata wake-wake ce mai faɗan tsiya, jikar jikar wadda ta taho da ita daga gidansu a Sandamu tun tana amarya. Ni kuwa rayuwata kaf a hanya na yi ta, daga kasuwar Mai'adua zuwa Kudu da shanun mutane, ko inda ake ajiye dusa a gidana ban sani ba. Ana cikin zaman makoki 'yan tsaki suka fito, sun fi goma. 'Yarmu ta ce in ba ta su ta tafi da su gidan mijinta, na ce a'a. Na ji a raina in kazar nan ta fita, gidan ya mutu gaba ɗaya.

Muzuru ne ya fara yi mini ta'aziyya. Na tashi da safe na tarar da gashi a bakin akurki, biyu babu. Wallahi ranar ko koko ban sha ba. Na kwaɓa laka na liƙe duk wata kafa, na fasa kwalabe na cusa a gindin ginin saboda gafiya, na samo guntun langa-langa na yi ƙofa, na danne da dutsen niƙa. Na sayo ragar waya a kasuwar Daura na kewaye gaban akurkin, wayar ta yayyanke mini hannu. Duk da haka ban samu natsuwa ba. Ina majalisa ana hira sai in zabura in ce ina zuwa. Ina sahu a masallaci hankalina na kan langa-langa, Allah Ya yafe mini. Abokaina suka sa mini suna Sarkin Kaji, na ce na ji, ba komai.

Ƙasa na tsare, na manta da sama. Da hantsi, ina tsaye, ina kallo da idona, shirwa ta sauko ta suri ɗaya ta yi gaba. Na wurga mata takalmi, ya faɗa gidan maƙwabta. Wata tsohuwa ce a gidan, ƙawar marigayiya, muna ce mata Iya. Ita ta miƙo mini takalmin ta kan katanga.

"Ɗan nan, da takalmi ake korar shirwa? Matarka ihu take yi tana buga tasa."

"Iya, ni da gemuna in tsaya ina ihu a tsakar gida?"

"To, zauna da gemunka. In ba za ka iya ba, nemi zaren kaset ka ja a sama. Ƙyallinsa take tsoro."

Lokacin ba a daɗe da fara shari'a ba, mutane na ta tura kaset-kaset ɗin kiɗa ƙarƙashin gado. Na jawo kwalin namu na zazzage. Na wa'azi na ware gefe, don ba zan rataya ayar Allah tsuntsaye su yi mata kashi ba. Na kiɗan kuwa ban ji tausayinsu ba ko kaɗan. Na zare su na ja daga darbejiya zuwa rumbu, daga rumbu zuwa katanga, gida ya koma sai ka ce wurin biki. Kuma abin ya yi aiki! Shirwa ta zo ta yi shawagi ta juya, ni kuwa ina ƙasa ina yi mata gwalo, babba da ni.

Sai iskar farkon damina ta zo ta tsintsinke zaren kaf. Kafin in farga shirwa ta ɗauke wasu, aka bar ni da uku. Na shiga ɗaki na fita, na shiga na fita. Na sake zazzage kwalin, kaset ɗaya ya rage wanda ba na wa'azi ba, ba rubutu a jikinsa. Har na sa farce na kamo zaren, sai na ce bari dai in ji ko mene ne. Na sa batir a rediyo na danna.

"Salamu alaikum, Malam. Da fatan kana lafiya, ya Kudu, ya ruwa?"

Ita ce. Saƙon da ta aiko mini ta hannun wani direba a tafiyata ta ƙarshe, da na daɗe ban dawo ba, tunda ita ba ta rubutu. Na zauna a bakin ƙofa da rediyon a cinya. Tana ba ni labarin rufin ɗaki da ke yoyo, da wanda ya haihu, da wanda ya rasu. Tana cikin magana sai ta katse. Na ji ƙarar tasa, na ji gudunta, na ji ta ƙwala ihu:

"Kai! Kai! Ga ta nan! Shegiya, Allah Ya fi ki!"

Kazar nan tana tono a gindin rumbu. Ta daskare, ta yi wani irin kuka, ta buɗe fukafukai, 'yan tsakin uku suka ruga, ta kora su cikin akurki. Ni ma ban san lokacin da na miƙe ba, sai ga ni a tsakiyar gida ina duban sama. Ba shirwa, ba komai.

A cikin rediyon ta dawo tana haki tana dariya.

"Yi haƙuri, Malam, shirwa ce. Ba ta samu ko ɗaya ba. Ina muka tsaya?"

Na yi kuka ranar, kukan da ban yi ba a maƙabarta. Na mayar da zaren a hankali da biro, na sa kaset ɗin a aljihu.

Washegari da hantsi shirwa ta dawo. Na ɗauki tasar na buga, na ƙwala ihu da duk ƙarfina, da gemuna da komai. Iya ta leƙo ta kan katanga, ba ta yi mini dariya ba. Duka ukun sun girma.