Kunun Baba

Da jikin Baba ya yi rauni, ni na ɗauko shi na kawo gidana a Tambuwal. Ni ce babba. Ni ke wanke masa kaya, ni ke dama masa kunun gero kafin in buɗe injin niƙana. Autarmu kuwa tana aure a Kebbe, sai ran kasuwa take hawo kabu-kabu ta zo da 'yar ƙwaryar nono, ta yini, ta koma.

Kunnen Baba ya toshe, ni kuma dama muryar injin gare ni. Sai in tsaya a kansa da kofi in ɗaga murya: "Baba, sha kunu!" Ya juyar da kai bango. In sake, har maƙwabta su ji. Kunun ya huce, in zuba wa awaki. Kullum ramewa yake, ina ganin ƙashin wuyansa yana ƙara fitowa, tsoro na cina.

Amma bari Auta ta shigo. Za ta tuɓe takalmi, ta durƙusa gaban tabarmarsa har kanta ya yi ƙasa da nasa, ta yi magana can ƙasa-ƙasa. Ni da nake bakin ƙofa ma ba na jin me take cewa. Sai ka ga tsohon ya miƙo hannu ya shanye kunun tas. Kunun da ni na dama!

Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba. Tun muna yara haka take. Baba mai wa'azi ne a 'yar majami'armu, kuma kullum koyarwarsa ita ce Kirista ya saukar da muryarsa kamar yadda Almasihu ya saukar da kansa. Ko makiyaya ya je gaisarwa a ruga, tsugunawa yake yi ya tambayi lafiyar shanu kafin ta mutane. Auta ta kwashe wannan hali duka, ni aka bar ni da ƙarfin aiki. A zumuntar mata ni ke share coci, ni ke ɗora tukunya, amma in mace ta shiga damuwa, Auta take nema.

Ran nan, Auta na gidan, fasto ya zo duba Baba, ya same ni ina fama. Ya ce, ko za a mai da shi Kebbe, tunda a hannun Auta kawai yake karɓar abinci? Auta ta sunkuyar da kai ta fita, wannan ma haushi ya ba ni. Na bi ta har wurin randa.

"Ke, mi kika ce mai wanda ni ban iya ba?"

"Yaya, ba komi. Ba ji shika yi ba, baki shika kallo. In kin tsaya bisa kanshi, ba shi ganin bakinki, sai hushin da ag ga goshinki."

"Hushi nika yi? Tsoro dai."

"Na sani, Yaya. Ke ad da wahalarshi duka."

Da ta gaya mini baƙar magana da na ji sanyi, don ina da amsa.

Washegari ta koma Kebbe, a kan za a aiko mota ranar Lahadi bayan sujada. Na dama kunu, na sa tsamiya yadda yake so. Gwiwoyina sun daɗe ba su taɓa ƙasa gaban kowa ba, har ƙara suka yi. Na durƙusa, na jira ya dube ni, na ce a hankali, "Baba, ga kunu. Kurɓi kaɗan."

Ya daɗe yana kallon bakina. Sannan ya karɓa, ya sha, ya sha, har ya kai gindin kofin. Ya ɗora hannu a kaina, hannun ba nauyi kamar ganyen dawa busasshe.

"Allah shi yi miki albarka, Auta," ya ce. "Ke ɗai ka tausai na."

Saura kaɗan in ce: ni ce fa, ni da ke wanke ka. Na san in na faɗa, da ƙarfi za ta fito, kuma zai juya bango.

Na ce, "Amin, Baba. In ƙaro?"

Ya gyaɗa kai. Motar Kebbe ba ta zo ba, don na aika cewa yana ci. Har ya rasu a ɗakina, da sunan Auta yake sa mini albarka, ni kuma ina amsawa.