Ɗan Ɓera a Damtse

Ni ne na yi laifi, ba zan ɗora wa ƙuruciya ba. Har yau in na ji warin aidin, maganin nan na miki, sai abin ya dawo mini, don shi ne warin rigar tsohon da na ci wa mutunci.

Maƙwabcinmu ne a Kaduna, tun Turawa ba su tafi ba. Mahaifina akawu ne, shi kuwa Kirista ne daga kudu, aikinsa wanke miki a asibiti. Baba muke ce masa. Iyakar karatunsa ajin yaƙi da jahilci, amma yana da wata ɗabi'a. Duk kalmar Turanci da ya ji likita ya faɗa game da jiki, sai ya tsare shi ya tambayi ma'anarta da asalinta. Likitan Bature ne mai son hira, yakan gaya masa. Baba ya dawo gida ya rubuta da tawada a wani littafi mai baƙin bango. Shekara shida yana tarawa. Burinsa in ya bar aiki ya koya wa yaran ƙauyensu.

Wata rana da damina, bayan la'asar, ya ce in lanƙwasa hannuna. Damtsena ya motsa. Ya ce wannan tsokar Turawa muscle suke ce mata, kuma a tsohon harshen Rumawa asalin kalmar ɗan ɓera ne, saboda yadda take gudu a ƙarƙashin fata. Ya kuma sa na leƙa ƙwayar idonsa, na hango kaina ɗan mitsitsi. Ya ce sunanta a Turanci daga 'yar tsana ya fito. Na saki baki ina kallonsa.

Washegari na ɗaga hannu a aji na faɗa da alfahari. Malaminmu ya tambayi wanda ya koya mini. Da ya ji mai wanke gyambo ne, sai ya zana ƙaton ɓera a allo, ya rubuta sunana a ƙasa. Aji ya kece da dariya. Har ƙofar gida yara suka rako ni suna kukan ɓera.

Na iske Baba da mahaifina da wasu dattawa a gindin mangwaro, littafin yana kan cinyar Baba.

"Baba, ƙarya kake yi," na ce.

Na fizge littafin na jefa a kwata, ruwan sama na gudu a cikinta. Ni kaina ban san hannuna zai iya haka ba. Mahaifina ya zabura, Baba ya riƙe shi. Ya naɗe wando ya shiga kwatar, ya tsamo littafin. Yana buɗewa tawada tana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ko shafi ɗaya bai karantu ba.

An sa na durƙusa, na durƙusa, amma a raina ni ne mai gaskiya, tunda malami ya fi mai wanke miki. Baba bai ƙara rubutu ba.

Sai da na kama aiki na ga babban ƙamus a ofishinmu. Na buɗe don in tabbatar wa kaina. Ga ɗan ɓera nan. Na juya shafuka, ga 'yar tsana. Yau jikokina kan duba irin wannan a waya kafin shayi ya huce. Shi kuwa shekara shida ya yi, ni na zubar kafin ƙiftawar ido.

Duk da haka sai da na ƙara shekara biyu ina jin kunyar zuwa. Na same shi a Rigachikun wajen 'yarsa, yana zaune a tabarma. Da jin muryata ya laluba damtsena ya matsa.

"Ɗana, ɓeran ya yi ƙiba," ya ce, yana dariya.

Na leƙa idonsa. Yanar ido ta rufe shi fari fat, ban ga kowa a ciki ba. Na cire hula na durƙusa, wannan karon ba wanda ya sa ni.

"Baba, na duba ƙamus. Gaskiya ka faɗa, duka biyun. Ni na ce maka maƙaryaci a gaban mutane, ni na jefa littafinka a kwata, kuma ba ni da abin da zan mayar maka. Ka yafe mini."