Turken Jikana a Gonar Gyaɗata

Ranar da jikana ya fara aiki da masu awon titin Zango, guduma da turaku aka ba shi. Da la'asar ya shigo, ko furar da na dama masa bai kalla ba.

"Kaka, awon ya ratsa tsakiyar gonarki, na kasa kafa turken. Oga ya ce in ban kafa gobe ba, in zauna gida."

Na ce, "Kai, mijin nan nawa akwai ragwanci! Gyaɗa ai ana sake shukawa. Aiki fa?"

Da safe ni na riƙe turken da hannuna, shi ya buga. Har yau in mota ta wuce, nakan ce wa maƙwabta, "Ta gonata ta bi."