Jirgin Ɗan Ƙanwata da Jarkar Man Riɗi

Sallame asuba ke da wuya muka bar garinmu Hajj Abdalla, ni da maƙwabciyata, a wata hafla, ƙaramar bas mai ƙofa ɗaure da igiya. Rusairis muka nufa, garin da ƙanwata ke aure. Ɗan ƙanwata ya ƙera jirgin sama da injin babur da bututun ƙarfe, zai gwada shi a karon farko. Ubansa kuwa ya rantse: in abin bai tashi ba, mai sayen gwangwan zai kwashe shi, yaron ya koma gona.

Maƙwabciyata ta ce kallon hauka za mu je. Na ce haka aka ce da ni sa'ad da na shiga ajin manya da furfura.

A Sinnar muka canja mota. Mun ci kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa, mai shayi ta tsuga mana kuɗi kamar da zuma ta dafa. Daga nan hanya ta lalace, rami na miƙa mu ga rami, sai la'asar muka isa.

Washegari gari duk ya fito fili a bakin kogi. Jirgin ƙarami ne, kujera ɗaya, fukafukan yadi. Mai gwangwan ma ya zo da amalankensa, ya tsaya yana jira kamar ungulu. Yaron ya durƙusa gabana.

"Inna, a sa mani albarka."

"Allah shi kai ka, shi maido ka. Tashi, kada ka ba ni kunya."

Injin ya kama, jirgin ya ruga, ƙafafunsa suka rabu da ƙasa. Da idona na ga inuwarsa ta bi ta kan awaki. Mata suka ɗauki guɗa. Amma hancin ya yi ta ɗagawa, ya ƙi dawowa, jirgin ya tsaya cak a sama, sannan ya zauna da gindi cikin laka a gonar ayaba.

Na riga maza isa. Mun sami yaron da rai, kafaɗa ta goce, jikinsa sharkaf da mai. Na shinshina: man riɗi.

Ashe ƙanwata ta ji an ce ƙetaren kogi zai sauka, garin surukanta. A gidanmu ba a shiga gari hannu biyu. Ta lallaɓa ta cusa jarkar man riɗi da ƙullin dabino da albasa cikin jelar jirgin, ba ta gaya wa kowa ba. Nauyin ne ya rinjayi bayan.

"Haba Yaya," in ji ta tana kuka, "shi tai wurin mutane haka nan, ko tsaraba?"

Mai gwangwan ya matso ya kama fiffike. Na buɗe baki zan wanke shi, sai uban ya riga ni.

"Sake shi. Jirgin da ya ɗauki ɗana da kayan uwarsa ya wuce kan ayaba ba na sayarwa ba ne."

Shi da kansa ya saɓa fiffiken a kafaɗa har gida.

Mun dawo Hajj Abdalla da ragowar dabinon, maƙwabciyata tana ba fasinjoji labari kamar ita ta ɗaure ƙusoshin. Na koyi cewa jirgi ba jaki ba ne, ba a ƙara masa kaya don ƙauna. Na kuma shaida wa ƙanwata: ranar gwaji na biyu, a ɗakina za ta wuni, makulli a hannuna.