Na ɗauki akwatin banza har Gidan Rumji

Mun tashi da asuba ranar Talata daga Gazawa, ni da sakatariyar buro, wato ofishin da nake gadi, na rungume wani ɗan baƙin akwati da na naɗe cikin zane kamar jariri. Buron namu yana tattara sunayen waɗanda ba su da takardar haihuwa, kuma alƙali zai zo ranar Alhamis ya sa hannu kafin zaɓen da sojoji suka yi alkawari. Cikin sunayen akwai na ɗiyata. Shekara talatin da suka wuce na ƙi zuwa in rubuta ta, na ce takarda ta masu lakol ce, 'yan boko. Yanzu an kira ta koyon aikin ungozoma, an ce sai da takarda.

Tun ranar Litinin sakatariya na sa sunanta da kalmar sirri a kwamfutar buro, gilashin ya yi duhu, ya sake dawowa yana tambayarta suna. Sunayen duk suna ciki. Ni na ba da shawarar a cire akwatin da ke bayan gilashin a kai wa mai gyara.

Motar ta cika har da akuya biyu, kuɗin mota kuma ya hau tun da aka fara kamfen zaɓe. A shingen Agiye wani jandarma ya sa na kwance zanen, ya juya akwatin, ya ce ko rediyo ce. Mai gyaran Agiye kuwa dariya ya yi. Ya ce wannan akwati ba ya riƙe komai, taga ce kawai. Aikin duk yana cikin babban injin da ke ɗakin baya, wanda suke kira uwa. Wato na bar rumbu a gida na ɗauko murfinsa. Ya ce sai wanda ya haɗa kayan, yana Gidan Rumji.

A Cadawa sakatariya ta saya mana fura da ƙuli-ƙuli. Furar ta yi daɗi, amma na kasa shanyewa. Gero ya yi kyau a gefen hanya, hotunan 'yan takara sun rufe kowane bango. Mun canza mota a Maradi, muka isa bayan azahar.

Mutumin ya saurare mu, sannan ya tambaya ko an kashe uwar ba bisa ƙa'ida ba. Sakatariya ta rantse ba ta taɓa ta ba. Shi ya koya mata cewa in ta bar aikinta a buɗe, gobe in ta shiga zai dawo yadda ta bar shi. Don haka ba ta adana ba.

Nan na buɗe baki. Ranar Lahadi da la'asar hadari ya taso, na shiga ɗakin baya na zare wayar kuran, wato wayar lantarkin uwar, kamar yadda nake yi wa rediyona in ana walƙiya. Da ruwa ya ɗauke na mayar, ban faɗa wa kowa ba.

"Baba," in ji ta, "tun Gazawa kana da wannan magana a ciki?"

Mutumin ya ce uwar tana ganin kamar har yanzu sakatariya na ciki, shi ya sa take hana ta shiga. Ya rubuta mata a takarda yadda za ta share tsohon zaman. Na tambaye shi sunayen fa. Ya ce, "Alhaji, ƙofar za ta buɗe. Abin da ke ɗakin ban yi maka alkawari ba."

Mun kwana a can, muka dawo Laraba da yamma. Ta mayar da akwatin, ta bi takardar layi-layi. Injin ya karɓi kalmar sirri. Gilashin ya buɗe, shuɗi, fes, babu ko suna ɗaya. Mutanen suna ƙauyuka, ba za su taru a wuni guda ba, kuma alƙali ba ya zuwa don mutum ɗaya.

Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa. Da na yi magana ranar Litinin, da waya kawai za a buga, da kwana biyun nan sun isa a sake rubuta mutane. Na ɓata su a mota ina rungume da akwati don kada a ce ni ne.

Na tarar da ɗiyata a ƙofar gida ta kawo mini tuwo. Ta ce, "Sannu da hanya, Baba. An samu?" Na karɓi kwanon, na ce ta shigo ta zauna tukuna.